Jinyar Allura ta Sinawa don Ciwon Baya: Me Take Yi, Me Ba Ta Yi

Bayan kammala zagaye guda na jinyar allura saboda tsohon ciwon ƙugu, hukuncina shi ne tana rage ciwo, amma ba ta tumɓuke shi. Sauƙin yana zuwa a hankali, kuma an fi jin sa wajen tashi daga barci da sunkuyawa. Wanda ya je da tsammanin zama ɗaya zai miƙar da shi, zai dawo yana cewa an ci kuɗinsa.

Zaman farko ya fi tsawo. Mai jinyar zai duba harshe, ya ɗora yatsu uku a wuyan kowane hannu yana sauraron bugun jini, ya yi tambaya kan barci, bayan gida da cin abinci. Sai a kwanta. Allurar ba irin ta asibiti ba ce: ba ta da rami, ba a zuba magani a ciki, kaurinta wajen milimita 0.25, tsawon wadda aka saba sa wa a baya kusan milimita 40. Yawanci ana kafa guda 5 zuwa 20, a bar su minti 20 zuwa 30. Shigarta ba ta kai cizon sauro zafi ba. Abin da ke biyo baya, idan an ɗan murza ta, shi ne nauyi ko tsami mai yaɗuwa a cikin tsoka, kuma wannan ake nema. Amma zafi mai kaifi da ya harba zuwa ƙafa alama ce an taɓa jijiya, a faɗa nan take a ja ta baya. Kada a yi mamaki in an zo da ciwon ƙugu an ga allura a bayan gwiwa, tsarinsu ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabe 361 a jiki, wato wuraren da ake kafa allurar.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne batun hujja. A babban gwajin da aka yi a Jamus, aka wallafa a 2007, kashi 47.6 cikin ɗari na masu ciwon baya sun samu sauƙi da allurar gaske, kashi 44.2 da allurar da aka kafa sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, kashi 27.4 kuma da kulawar da aka saba. Wato allura ta yi aiki, amma bin gurbi daidai bai ƙara wani abin kirki ba. Shi ya sa hukumomi suka rabu: ta Ingila a 2016 ta ce kada a ba da ita don ciwon baya, ƙungiyar likitocin Amurka a 2017 ta sa ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwaya. Ni dai ina ganin mutumin da ya daɗe yana haɗiyar diclofenac har cikinsa ya fara ƙuna, ya cancanci ya gwada. Sai dai ya sa wa kansa iyaka: in an yi zama shida zuwa takwas babu canji, a tsaya.

Matsalolin yau da kullum ƙanana ne: ɗigon jini, ɗan tabo, jiri, musamman ga wanda ya zo da yunwa. Manyan kuwa daga sakaci suke. Allurar da aka sake amfani da ita tana ɗaukar ciwon hanta, don haka a buɗe sabuwa daga leda a gabanka, a ƙirga adadin da aka kafa da wanda aka cire. Zurfafa allura a saman baya ko ƙirji na iya huda huhu. Numfashi ya yi wuya bayan zama, asibiti kai tsaye. Mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu su faɗa tun farko, mai na'urar daidaita bugun zuciya kuma kada ya yarda a jona allurar da lantarki. Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, ramewa, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari ba na wannan ɗaki ba ne sam.

Ƙahon da suke haɗawa da jinyar allurar ɗan'uwan na wanzamanmu ne, sai dai galibi busasshe ne, ba tsaga. Yana barin zagayen tabo na kwanaki.

Ganyayyakin da ake tallata wa mutum a ƙarshen zama su ne na fi ɗari-ɗari da su. Gaskiya ne daga tazargade wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da sinadarin da ke cikin magungunan maleriya na yau, har ta samu kyautar Nobel a 2015, amma an tace shi ne, an auna, an gwada. A Beljiyam kuwa, farkon shekarun 1990, wani haɗin rage ƙiba da aka cakuɗa da tsiron Aristolochia ya lalata ƙodar mata sama da ɗari. Duk ƙullin da ba a rubuta sunayen abin da ke ciki ba, a bar musu kayansu, kuma mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganin likita saboda shi.