Wasiƙa Daga Melbon Kan Maganin Da Ka Tambaye Ni

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da Inna da sauran mutanen gida baki ɗaya, na ga faifan bidiyon da ka turo mini ta WhatsApp, wanda a cikinsa ake cewa Turawa sun gano wani magani daga laimar kwaɗi da ke warkar da ciwon damuwa da firgici da sha ɗaya tak. Ka tambaye ni ko gaskiya ne, da kuma ko zan iya samo shi in aiko saboda ƙanenmu, wanda barci ya ƙaurace wa idonsa tun da Allah ya kuɓutar da shi daga hannun 'yan bindiga a hanyar Sabon Birni. Na zaɓi in rubuto maka a tsanake maimakon saƙon murya, domin maganar tana da tsawo, kuma ina so ka karanta wa Kawu ita idan kun haɗu.

Akwai gaskiya a cikin bidiyon, sai dai an yanke mata kai da ƙafa. Tun ranar 1 ga Yuli, 2023, hukumar kula da magunguna ta nan Ostareliya, wadda ake kira TGA, ta buɗe ƙofar amfani da sinadarai biyu a asibiti: silosaibin, wanda ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi, ga masu ciwon damuwar da ya ƙi jin sauran magunguna, da kuma wani sinadari da ake haɗawa a ɗakin gwaji mai suna MDMA ga masu firgicin da ke biyo bayan ganin tashin hankali. Ba kowane likita aka ba wannan dama ba. Sai ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, shi ma sai kwamitin ɗa'ar aiki ya duba tsarinsa, sannan hukumar ta sa masa hannu. Ba a sayar da su a kemis, ba a kuma miƙa wa mara lafiya ya tafi da su gida, kuma duk wanda aka kama da su a waje ya yi laifi a idon doka. Saboda haka maganar aikowa ba ta taso ba, domin ni kurkuku zai jawo mini a nan, kai kuma ya haɗa ka da hukumar NDLEA a can.

Amma ko da doka ta yarda, ba zan aiko ba, kuma dalilin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A aikina na jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na halarci bita a kan wannan hanya, na kuma zauna da waɗanda suke yin ta, kuma abin da na fahimta shi ne ƙwayar ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin aikin. Da farko ana tantance mutum sosai, a auna zuciyarsa da hawan jininsa, a binciki tarihin danginsa, domin wanda aka taɓa samun taɓin hankali mai tsanani a jikinsa ko a zuriyarsa ba a ba shi, kasancewar sinadarin yana iya tayar da abin da ke kwance. Bayan haka sai a yi zaman shiri sau da dama, har sai mara lafiya ya saba da masu kula da shi ya kuma amince da su. A ranar shan maganin yakan kwanta a ɗaki mai natsuwa, a rufe masa ido, ma'aikata biyu suna gefensa na tsawon awa shida zuwa takwas ba tare da sun bar shi shi kaɗai ba. A cikin waɗannan sa'o'i wani yakan yi kukan da ya shekara yana haɗiyewa, wani ya sake ganin ranar da ta karya shi kamar yanzu take faruwa, wani kuma tsoro ya lulluɓe shi har sai an riƙe masa hannu.

Kashegari ne babban aiki yake somawa, wanda zan kira shi zaman bita. Mutum ya farka da abubuwa birjik a ransa, wasu masu ma'ana, wasu kuwa ruɗu ne kawai na maye, kuma yana buƙatar wanda zai taya shi tsefe su ɗaya bayan ɗaya na tsawon makonni. Ana tambayarsa abin da ya gani, da yadda ya danganta shi da rayuwarsa, da abin da zai sauya a zamansa da matarsa da 'ya'yansa da sana'arsa. Ana kuma hana shi yanke babban hukunci da zafi-zafi, kamar saki ko ajiye aiki, domin a kwanakin farko zuciya tana da laushi irin na ɗanyen yumɓu, duk hannun da ya taɓa ta sai ya bar shaida. Idan babu wannan zama, abin da aka gani yakan dusashe kamar mafarki, ko kuma ya bar mutum cikin ruɗanin da ya fi na da.

Su kansu masu binciken ba su ce an gama gano komai ba. A wani gwaji da kamfanin Compass Pathways ya wallafa a 2022 a kan mutum 233 masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani, kusan kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka ba miligiram 25 na silosaibin sun rabu da alamomin ciwon bayan mako uku, alhali kashi 8 ne kawai a cikin waɗanda aka ba miligiram 1. Wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma ka lura cewa mafi yawansu ba su warke ba, kuma bambancin ya ragu bayan wata uku. A Amurka kuwa, duk da cewa jihar Oregon ta halatta cibiyoyin silosaibin ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 2020, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ta ƙi amincewa da MDMA a watan Agusta na 2024, ta nemi a sake wani gwajin. Ɗaya daga cikin matsalolin da aka nuna shi ne mara lafiya yakan gane ko maganin gaske aka ba shi ko na bogi, wanda hakan ke sa da wuya a raba aikin sinadari da aikin kyakkyawan zato.

Sai maganar kuɗi. Cikakken tsarin a nan yakan kai dalar Ostareliya dubu 20 ko ya wuce, kuma yawancin kuɗin ba na ƙwayar ba ne, ladan sa'o'in da ma'aikata suke zama da mutum ne. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai idan na kwatanta nan da gida. A Sakkwato ƙwaya ce mai araha, har yaro yana iya samun taramol a lungu ba tare da takardar likita ba, amma ƙwararren da zai zauna ya saurare ka awa guda shi ne ya yi ƙaranci, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. A nan kuwa ƙwaya tana bayan makulli, ƙwararru suna nan ga mai iya biya, amma na sha sallamar mara lafiya daga asibiti ya koma ɗakin da babu mai ce masa sannu, babu maƙwabcin da zai leƙo, babu majalisar da za a nemi ba'asin rashin ganinsa. Abin da suke saye da dala, wato mutumin da zai zauna kusa da kai a lokacin da ranka ya ɓaci, mu muna da shi a zaure kyauta.

Ba ina cewa zumunci ya wadatar ba ne. Mu ma muna da namu aibin, domin da zarar mutum ya soma faɗin abin da ya gani a daji sai mu toshe masa baki da cewa ya yi haƙuri, ya wuce, ya gode wa Allah da ya dawo da rai. Haƙuri da godiya wajibi ne, amma ba su hana a saurari mai ciwo, kuma wanda aka hana shi magana da rana firgici zai tashe shi da dare. Abin da ya kamata mu ɗauka daga mutanen nan shi ne ladabin sauraro: ka bar mutum ya kai aya, kada ka yi masa wa'azi a tsakiyar kukansa, kada ka matsa masa ya faɗi abin da bai shirya faɗa ba. Kuma haɗa asibiti da dangi ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, domin tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda mara lafiya yake zama a cikin gari tare da wani ɗan'uwansa yana karɓar magani, har duniya ta yi koyi da shi.

Na san Kawu zai tambayi matsayin abin a addini, tunda waɗannan sinadarai suna gusar da hankali. Wannan hukunci ne na malamai, su zauna da likitoci su auna shi a ma'aunin larura, kamar yadda aka yi da allurar sa barci a ɗakin tiyata. Abin da nake tsoro shi ne matasanmu su ga irin wannan bidiyo su ɗauke shi a matsayin lasisi. Mun riga mun ga abin da zaƙami yake yi wa yara a gidajen biki, mun kuma ga ɓarnar kodin kafin gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Ga kuma haɗarin tsinkar laimar kwaɗi a jeji da damina, domin akwai nau'o'in da ke lalata hanta su kashe mutum cikin 'yan kwanaki, kuma ido ba ya rarrabe su cikin sauƙi. Don Allah ka gaya wa yaran gida wannan da bakinka.

Game da ƙanenmu, ina roƙon ka kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ka raka shi da kanka don kada ya ji kamar an yar da shi. Akwai magungunan firgici da aka daɗe da sanin amfaninsu, akwai kuma jinya ta hanyar zantawa, don haka ka tambayi likita ko za a haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam. Idan an ba shi magani kada ya daina don ya ga kwana goma babu sauyi, domin irinsu sukan ɗauki makonni kafin su kama jiki. A ci gaba da addu'a da ruƙiyya, amma kada a bari kowa ya ɗaure shi ko ya dake shi da sunan fitar da iska. A daina tara masa 'yan jaje suna sa shi maimaita labarin, a bar shi da mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su. Idan kuma ya soma maganar ya gaji da rayuwa, kada a jira wayewar gari.

Zan turo kuɗin mota da na magani a ƙarshen wata, in Allah ya yarda, kuma zan riƙa kiransa kowace Juma'a da safe a lokacinku, wanda a nan yamma ce bayan na tashi daga aiki. Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce mata ta ci gaba da dama masa furar da yake so.

Wassalam, ƙanenka.