Kaifin ƙwaƙwalwa ko hankali, wanne ya fi?

Mutane na yawan haɗa su wuri ɗaya amma wallahi ba ɗaya ba ne. Kaifin ƙwaƙwalwa shi ne saurin ɗauka, a yi bayani sau ɗaya ka cafke, lissafi ya zo ka warware tun wasu ba su gama karanta tambayar ba. Shi kam ana iya auna shi, tun 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka fito da gwajinsu a Faransa don gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako, daga baya aka samu gwajin IQ, wato ma'aunin kaifin ƙwaƙwalwa, da aka tsara maki 100 ya zama matsakaici.

Hankali kuwa ba ya shiga takardar jarrabawa. Shi ne kana cikin fushi ka rubuta saƙo mai zafi, yatsanka har ya kai kan turawa, sai wani abu ya ce maka bari dai zuwa gobe, ka goge. Ko a fiƙihu ma hankali da balaga ake dubawa kafin hukunci ya hau kan mutum, ba wanda ya ce sai ka iya lissafi.

Ɗan damfara fa ƙwaƙwalwa gare shi, sosai ma, kawai dai ba ya hango ranar da asiri zai tonu. Ni dai in abokin hulɗa zan zaɓa, a ba ni mai hankali ko da sai an maimaita masa magana sau uku, amma in kwamfuta ta rikice to gaskiya mai kaifin ƙwaƙwalwar zan kira.