Zanen Ganyen Magani a Bango: Na Asali ko Kwafi?

Shafin asali, irin na littafin tsirran magani da mai zane Elizabeth Blackwell ta fitar a Landan daga 1737 zuwa 1739, yana da daraja ta daban: ita ta zana tsirran, ta sassaƙa su a farantin jan ƙarfe, ta shafa launi da hannunta. Sai dai yana son lallaɓawa. Rana na kashe launinsa, danshi na sa masa tabo, dole a nema masa gilashi mai tare haske. Abin da ya fi damuna, galibi daga tsohon littafi ake yago shi.

Kwafi kuwa araha ne, ko a kicin ka rataya shi. Biodiversity Heritage Library, wani ɗakin karatu na littattafan tsirrai da dabbobi, na ba da irin waɗannan hotuna kyauta a intanet. Ni dai kwafin na zaɓa.