Masu hayar keken Marakesh da suka ratsa da mu yankin girgizar ƙasa

Abokan hawan kekenmu na nan Kaduna sun dame ni da tambaya kan kamfanin da ya ɗauke mu zuwa tsaunukan Atlas, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Ziyara ce ta kai ni Maroko, zuwa zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Da na gama sai na sauka Marakesh, na biya wani ƙaramin kamfani da ke ba da hayar keke, da ɗan jagora, da motar da ke biyo mutane da kayansu. Kuɗin da nauyi, musamman ga mai canza naira, amma ban yi da-na-sani ba.

Hanyar da suka bi da mu ita ce wadda ta tashi daga Marakesh ta bi ta Asni, Wirgan, Ijukak, Talat N'Yaƙub da Tinmel, ta haye mashigar Tizi n'Test, sannan ta gangara Tarudant. Wannan ita ce tsakiyar inda girgizar ƙasar daren Juma'a 8 ga Satumba 2023 ta fi ɓarna. Ƙarfinta ya kai maki 6.8, ta kashe mutum kusan 3,000, akasarinsu a lardin Al Hawuz da na Tarudant. Da dare ta zo, bayan ƙarfe 11, mutane na cikin ɗakuna, gidajen kuma na laka ne da duwatsu, jingine a jikin tsauni.

Keken da aka ba ni mai kyau ne, mara nauyi, giyarsa na shiga ba gardama, birkinsa na faifai. Kafin mu tashi makanikensu ya auna tsayina ya daidaita sirdi, ya ba ni hular kwano da famfo da kayan faci. Giyar nan kuwa ana bukatarta. Marakesh ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Tizi n'Test kuwa tana wajen mita 2,100. Wanda iyakarsa zagayen Kawo zuwa Mando da safiyar Asabar, ya fara zuwa ya gwada ƙafarsa a hawan Kagoro tukuna.

Abin da ya sa nake yaba musu, ɗan jagoran ne. Ɗan yankin ne, Ba'amazige, wato ɗan ƙabilar Barbar, yana jin harshensu na Tashelhit da Larabci da Faransanci, kuma gidan mahaifinsa na cikin waɗanda suka rushe. Tun a Asni ya tara mu ya ce: ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, ba a ɗaukar tanti ko kangon gida idan mai shi na tsaye, ba a raba wa yara kuɗi ko alewa a bakin hanya. Mai son taimako ya sayi tuffa, ya sha shayi ya biya, ya kwana a gidan mutanen gari. Wani Bature a cikinmu ya ɗaga kyamara a gaban wata tsohuwa da ke wanki a ƙofar kwantena, ɗan jagoran ya sa hannu a hankali ya saukar da ita, bai ce masa uffan ba. Na ji daɗin wannan har cikin raina. Mu da muka ga yadda ake zuwa sansanin 'yan gudun hijira a ɗauki hoton mutane da buhun shinkafa a gabansu, mun san zafin abin.

Kamfanin bai kai mu otal ba sai a Tarudant. Duk sauran kwanan a gidajen mutane muka yi, kuma a gabanmu ɗan jagoran ke miƙa wa mai gida kuɗinsa. Kusa da Ijukak mun sauka wajen wani dattijo da ya gama ɗaki biyu na bulo da rodi, sauran filin kuwa tarin yashi ne da tsakuwa. Na ce, "Baba, yaya aikin?" Ya ɗaga yatsa sama ya ce alhamdu lillahi, sannan ya yi bayani ɗan jagora na fassarawa. Gwamnati ta ware dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya lalace, da kuma dirhami 2,500 duk wata na ɗan lokaci. Kuɗin gini kashi-kashi ake ba da shi. Matsalarsa ita ce dako: inda mota ba ta kaiwa, a kan alfadari ake hawo da siminti, magina kuma sun yi ƙaranci saboda kowa gini yake. Matarsa ta kawo mana gurasa mai zafi da man zaitun da zuma, da dare kuma tajin na kaza. Bayan magariba muka bi shi wani masallacin wucin gadi, aka buɗe hizbi ana karantawa baki ɗaya da ƙira'ar Warshu, irin wadda muka taso da ita a makarantar allo. Ban bukaci mai fassara ba a nan.

A Tinmel mun tsaya a masallacin da Muwahhidawa, masu mulkin Maroko a wancan zamani, suka gina a ƙarni na 12, a garin da jagoransu Ibn Tumart ya kafa da'awarsa. Girgizar ta zubar da babban ɓangarensa, mun tarar an kewaye shi da ƙarafa ana aikin gyara, daga waje muka gani.

Akwai inda suka gaza. Ba su gaya mana tun farko cewa ana faɗaɗa hanyar ba. Wurare da dama kwalta ta ƙare, sai tifofi da ƙura da tsakuwa, wani wurin a tsayar da kowa har sai katafila ta kwashe duwatsun da suka gangaro. Da sun faɗa, da kowa ya zo da takunkumi da tabarau. Motar kayan ma ta taɓa yin nisa da mu har ruwanmu ya ƙare a tsakiyar hawa, ga waya ba sabis. Abin da ya fi damuna, ba su duba birki ba kafin gangaren Tizi n'Test, sai da na nema. Gangaren nan doguwa ce, kwana a kan kwana, hanya siririya, gefe guda rami ne mai zurfi, wani wurin babu ko shinge. Da aka duba, takalmin birkina na baya ya kusa cinyewa, nan take aka canza. Wannan aikinsu ne, bai kamata sai baƙo ya tuna musu ba.

Wanda zai je ya nufi Afrilu ko Oktoba, don da hunturu ƙanƙara na iya rufe mashigar, da bazararsu kuma, wajen Yuli da Agusta, zafi ya yi yawa. Ya riƙe tsabar dirhami da rigar sanyi mai kauri. Kafin ya biya kowane kamfani, ya tambaye su a rubuce: ɗan jagoran ɗan yankin ne, kuma a gidan wa za a kwana?