Rumfar ƙarfe ko ƙyalle a kan bum: amsa ga mai ƙaramin jirgin filafili a Legas

Salamu alaikum. Shekaranjiya ɗan'uwanmu da ke aiki a Legas ya kawo tambaya. Ya ce sun haɗa kuɗi shi da abokinsa sun sayi ɗan jirgin ruwa mai filafili, irin wanda iska ke turawa, tsawonsa ƙafa 22. Ran Asabar yakan ɗebi iyali su nufi Tarkwa Bay, amma rana tana gasa su a wurin zaman baya inda matuƙi yake, har uwargida ta ce ita kam ta haƙura da fitar. Mai walda ya ce zai ƙera masa rumfar ƙarfe mai naɗewa, wani kuma ya ba shi shawara ya shimfiɗa ƙyalle kawai a kan bum. Wanne zai yi?

Ɗan'uwa, duka biyun na yi aiki da su a jirgin da bai wuce naka ba, kuma kafin ka ba kowa ko sisi ina roƙonka abu ɗaya. Ɗauki tef ɗin awo ka je jirgin, ka ɗaga babban filafili, ka ja igiyar bum har ta ƙure. Ga waɗanda ba su san jirgi ba, bum ita ce sandar nan ta kwance da ke riƙe gindin filafili, tana lilo hagu da dama a saman kawunan mutane. Idan aka ɗaure ta tamau, a lokacin ne take sauka iyakar saukarta. Sai ka auna daga kan benci zuwa ƙasanta. Babban mutum a zaune yana bukatar kusan mita 1 kafin kansa ya daina gogar rumfa, ita kuma rumfar tana son tazarar faɗin tafin hannu tsakaninta da bum. In ba ka samu wannan ba, magana ta ƙare, rumfar ƙarfe ba za ta zauna a tsakiyar jirginka ba, ko da wane gwani ne ya ƙera ta.

Ita rumfar ƙarfen, masu jirgi suna ce mata bimini, sunan wasu tsibirai ne a Bahamas. Bututu ne biyu ko uku da aka lanƙwasa kamar baka, ƙafafunsu a kan maƙali ɗaya kowane gefe, an ɗinka ƙyalle a kansu. Amfaninta ɗaya ne, amma babba ne: kana tafiya filafili a sama, kana cikin inuwa. Ƙyallen da ake ɗorawa a kan bum ba zai taɓa ba ka wannan ba, domin sai an sauke filafili tukuna ake samun wurin shimfiɗa shi. Don haka ka tambayi kanka tsakani da Allah, yaushe ne ranar ta fi cin ku? A kan hanya ne, ko bayan kun jefa anka, ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi, kuna cin abinci yara na wanka? Yadda ka bayyana fitarku, ina zargin yawancin awannin a tsaye kuke yin su.

Matsalar bimini a ƙaramin jirgi ba ta tsaya a tsayin bum ba. Dubi inda igiyar bum take sauka. Idan a tsakiyar wurin zama take, duk juyawar da za ka yi sai ta share wurin da rumfar take son tsayawa. Idan can baya take, to tsakiya ta kuɓuta, sai dai wayar da ke riƙe jigo (doguwar sandar tsaye da ke ɗauke da filafili) daga baya ita ma tana neman hanyarta, dole a tsaga mata ƙyallen. Ga kuma abin da mai walda ba zai faɗa maka ba don bai taɓa tuƙi ba: rumfa tana rufe maka filafili. Matuƙi da idonsa yake karanta iska a jikin ƙyalle, in ya daina gani sai ya koma lalube. Ana yanka ɗan taga a sa leda mai haske a saman inda kake zama, kuma kada ka yarda a ɗinka ba tare da ita ba. Hanyarku ma ba ta wasa ba ce, mashigin da manyan jirage ke bi zuwa Apapa da Tin Can kuke ratsawa, wurin da ake son mutum ya ga gabas da yamma a kowane lokaci.

Sai maganar ƙarfe, inda ake yawan cutar mutane ba da niyya ba. Masu walda sun saba da sitenles na baranda da matakala, mai lamba 201 ko 304. A Kano ko Zariya zai yi shekaru yana ƙyalli. A bakin teku kuwa gishiri ba ya raga masa, sai ka ga jan tsatsa ya fara tsiyaya a wurin walda yana ɓata farin jikin jirgi. Wanda ake so shi ne 316, mai sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke hana gishiri huda shi. Kada a ruɗe ka da gwajin mayen ƙarfe, duka ukun ba sa kama shi sosai, lambar da ke jikin bututun za ka duba. Bututu mai faɗin milimita 22 ko 25 ake amfani da shi. Kuma maƙalan nan huda jirgi ake yi a ɗaura su, kowane rami sai an toshe shi da gam na jirgi, a sa faranti ta ƙasa, in ba haka ba iska ɗaya za ta tumɓuke su da ɓallin faiba, wato abin da aka yi jikin jirgin da shi.

Ƙyallen kan bum ba ya neman ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba huda, ba walda, kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan na bimini, kuma inuwarsa ta fi faɗi nesa ba kusa ba, tun daga jigo har bayan jirgi, ta rufe har da rufin ɗaki, wanda shi ke mayar da cikin jirgi tanda. Telan da ke ɗinka rumfar keke napep zai iya yin sa a yini ɗaya. Sai dai akwai yadda ake yin sa. Mafi yawan mutane suna jefa shi a kan bum su ja gefe da gefe zuwa ƙasa kamar tanti, sai inuwa ta samu amma iska ta mutu, a zauna ana zufa. A zafin Legas na Fabrairu da Maris ma'auni bai cika wuce 33 ko 34 ba, mu da muka san 40 a Arewa sai mu raina shi, amma damshin iska ne ke hana zufa bushewa. Inuwar da ba iska a cikinta rabin aiki ce. Ka sa tela ya yi aljihu uku a faɗin ƙyallen, ka zura gora ko bututun roba, ya miƙe shimfiɗe kamar rumfar kasuwa, gefuna a buɗe. Ka ɗaga bum sama da igiyar da ke rataye ta daga saman jigo gwargwadon iko. Jirgi a kan anka yakan fuskanci iska da kansa in igiyar ruwa ba ta rinjaye shi ba, sai ta shigo ta gaba ta fice ta baya.

Yanzu abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. Wata rana a watan Afrilu muna tsaye, ƙyalle a shimfiɗe, gabas ta yi baƙi. Kafin a kwashe kwanuka iska ta iso. Ƙyallen ya kumbura ya ɗaga, gora ɗaya ta karye, jirgin ya kwanta gefe ya fara jan anka, ga yaro ɗan shekara shida a zaune a benci. Igiyoyin an yi musu ƙullin da ba ya kwancewa in ya ja, da wuƙa aka yanke su. Ƙarfin iska ba a hankali yake ƙaruwa ba: in gudunta ya ninka biyu, turinta ya ninka huɗu. Iska mai gudun kilomita 37 a awa tana tura kowace murabba'in mita da nauyin kusan kilo 6 da rabi, in ta kai 74 ya zama kusan kilo 26. Ƙyalle mai mita 2 a kan 2 in ta same shi gaba da gaba, ka lissafa, ya haura nauyin buhu biyu na siminti. Irin wannan hadari daga Maris zuwa Mayu ba baƙo ba ne a Legas. A nan bimini ta ɗan fi, domin madauri biyu za ka saki ta kwanta baya. Shi kuwa ƙyalle, kowace igiya ka yi mata zarge mai warwarewa da fizga ɗaya, ka gwada saukewa kai da uwargida a bakin gaɓa har ya zama ba ya kai ku minti ɗaya.

Game da yadi, shuɗin tampol na kasuwa ka bar shi, rana na cinye shi cikin watanni, ga ƙara in iska na kaɗawa. Mai kaurin nan na rufe tirela ba ya yoyo, amma yana da nauyi kuma yana tara zafi a ƙarƙashinsa. Yadin akirilik irin su Sunbrella shi ne na ainihi, yana numfashi, launinsa ba ya saurin koɗewa, sai dai tsada. Akwai kuma ragar inuwa ta masu lambu, mai tare kashi 80 ko 90 na rana. Ba ta tare ruwan sama, amma iska na ratsa ta, kuma don fitar yini ɗaya ni ita na fi so. Launi mai haske ya fi in rumfar na kusa da kai, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Ka kuma sa ido a kan zare, domin shi ke fara ruɓewa kafin yadi. Ka nemi na poliyesta mai jure rana, kada tela ya sa na ɗinkin kaya.

Duka biyun suna da gurbi ɗaya da ba sa rufewa. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, da tsakar rana inuwar sama ta wadatar, amma daga la'asar rana ta gefe take shigowa, ruwa kuma yana maido ta fuska. Ɗan labule mai faɗin zani da za ka riƙa matsar da shi duk gefen da take ya isa. Laima kuwa kada ka fara, iska za ta kai ta teku.

In ni ne kai, ƙyallen kan bum zan fara yi a wannan makon, da gora uku da labule ɗaya, in fita da shi sau huɗu ko biyar. Idan bayan nan har yanzu zafin kan hanya ne ke damun ku, kuma awon ya ba da dama, sai a yi ƙaramar bimini mai baka biyu can baya, inda bum ba ta kaiwa, ta rufe matuƙi da mutum ɗaya. Turo mana awon daga benci zuwa bum, da hoton inda igiyarta take sauka, sai mu ga ko za ta shiga.