Ƙaramin Tallafin Ilimin Muhalli Ga Malamai a Amurka: Amfaninsa Da Inda Yake Gazawa

Malamin da yake son ɗalibansa su gwada ruwan rafi da hannunsu, ko su kafa lambu a harabar makaranta, ba kuɗi mai yawa yake nema ba. Dala 500 zuwa 5,000 kan ishe shi. A Amurka akwai ƙofofi da dama da ake ƙwanƙwasawa don irin wannan kuɗi, kuma hukuncinmu a kansu shi ne: suna da amfani ƙwarai wajen fara aiki, amma ba sa raya shi.

Babbar ƙofar ita ce ta hukumar kare muhalli, EPA, wadda ta soma raba tallafin a 1992 bisa dokar ilimin muhalli ta 1990. Malami shi kaɗai ba ya iya nema. Sai hukumar makarantu, ko jami'a, ko ƙungiya mai zaman kanta ta nema a madadinsa, bayan ta yi rajista a shafukan intanet na gwamnatin tarayya, SAM.gov da Grants.gov, rajistar da kan ci makonni. Inda malami ke samun shiga shi ne sharaɗin da ya tilasta wa duk wanda ya ci tallafin ya sake raba kashi 25 cikin 100 nasa ga ƙananan ayyuka, kowanne kada ya wuce dala 5,000. Saboda haka abin yi shi ne a duba jerin waɗanda suka ci a yankin, a tuntuɓe su kai tsaye.

Akwai wani lissafi da ke kayar da masu nema. Hukumar tana buƙatar mai nema ya kawo nasa kason, kashi 25 cikin 100, amma na kuɗin aikin gaba ɗaya ne, ba na abin da ya roƙa ba. Wanda ya roƙi dala 75,000, sai ya nuna dala 25,000, ba 18,750 ba. Alhamdu lillahi, ba lallai tsabar kuɗi ba ne: lokacin 'yan sa-kai da kayan da aka bayar kyauta suna shiga lissafi, muddin an rubuta su. Kuɗin tallafin kuma ba na gini ba ne, ba kuma na jan ɗalibai zuwa ga wani ra'ayi ba.

Ƙofofin gidauniyoyi sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. A baya, gidauniyar Captain Planet Foundation ta riƙa bayar da dala 500 zuwa 2,500 ga aikin da ɗalibai ke yi da kansu. Tallafin GreenWorks na Project Learning Tree, wani shirin ilimin muhalli, shi ma a baya yakan kai dala 1,000, da sharaɗin mai nema ya halarci horonsu. Takardar nema gajera ce, ba ta wuce aikin 'yan sa'o'i.

To, me dala 1,000 za ta saya? A ɗauki lambu. Akwatin shuka mai tsawon mita 2.4, faɗin mita 1.2, zurfin santimita 30 yana cin ƙasa kusan kubik mita 0.9. Akwati huɗu sun haura kubik mita 3. Nan ne yawancin kasafi ke karyewa: an lissafa katako da iri, an manta da ƙasa da kuɗin kawo ta. Faɗin nan ma kada ya wuce haka, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasar ta danƙare ba. Ga ƙananan yara gara a rage shi zuwa santimita 90. Sai wurin: yawancin kayan lambu suna son rana ta sa'a 6 ko fiye, kuma famfo ya kasance kusa. Lambun da sai an yi jigilar bokiti kafin a shayar da shi ba ya kai labari.

Kayan gwajin ruwa su ma suna da nasu tarko. Sinadaran auna iskar oksijin da naitiret (wani sinadarin da ake samu a taki) suna da ranar lalacewa, zafi kuma na gaggauta ta. Wanda ya sayi na shekara uku lokaci guda, rabinsa zai zubar. A sayi na zango ɗaya, ragowar kuɗin a sa a abin da ke daɗewa: ma'aunin zafi, ragar kama ƙwarin ruwa, gilashin ƙara girma, takalman shiga ruwa.

Babban aibin tsarin shi ne kusan duk tallafin na shekara ɗaya ne, kuma masu bayarwa sun fi son sabon aiki a kan gyaran tsoho. Ga dogon hutun bazara, daidai lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, makaranta a rufe. Wasu kuma ba sa ba da kuɗi a gaba, sai an kashe an kawo rasit, malamin da ba shi da hali ya rasa ta inda zai fara.

Don haka kafin a cike fom, a samu amincewar shugaban makaranta da mai kula da harabar a rubuce, a tsara jerin iyayen da za su karɓi ban ruwa mako-mako a hutu, a tambayi ranar da kuɗin ke fitowa don a gwada ta da lokacin shuka. A kuma rubuta sakamakon da za a iya aunawa, kamar kilo nawa na ragowar abinci aka mai da taki, domin shi masu tantancewa ke dubawa, kuma da shi za a nemi tallafin shekara mai zuwa.