Cibiyar karɓar ruwan jini a Houston: aiki tsaf, layi kuwa sai haƙuri

Ga 'yan'uwa mazauna Amurka da aka taɓa mayarwa gida a wurin ba da jini saboda an haife su a ƙasar sauro, wannan cibiya ta unguwarmu ba ta da waccan matsalar. Wanda ya zauna a Najeriya ko Nijar sai ya shekara 3 da barowa kafin a karɓi cikakken jininsa, saboda zazzaɓin cizon sauro. Amma wannan ƙa'ida ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ba ta hau kan ruwan jinin (plasma, wato ruwan da ke saura in an ware ƙwayoyin jini) da ake sarrafawa a yi magani ba, don ƙwayar cutar a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, su kuwa na'ura mayar maka da su take yi ta allurar da ta zuƙo su.

Sharuɗɗan ba su da wuya: shekara 18, nauyi kilo 50 zuwa sama, katin shaida da takardar adireshi. Duk zuwa sai an huda yatsa an auna ƙarfin jini da furotin, an duba bugun zuciya. A nan na yaba musu. Ranar da bugun nawa ya hau, ma'aikaciyar ba ta sallame ni ba, zaunar da ni ta yi na huta ta sake aunawa. Ita ce ma ta ce in rage maiƙo kafin zuwa, don yana gurɓata ruwan. Ranar ba ni ba suya ke nan.

Inda suka gaza layi ne. Zuwan farko ya ci min fiye da awa biyu, ko da alƙawari kuma sai ka jira. Ɗakin sanyi ƙalau, ga ruwan gishirin da ake ɗura maka a ƙarshe shi ma da sanyinsa, don haka ka tafi da rigar sanyi. Leɓe kan yi ɗan zir-zir saboda maganin hana daskarewar jini, in ka faɗa sai su rage gudun na'urar.

Doka ta yarda da sau biyu a kwana 7, da hutun yini a tsakani, ana kuma biyan mutum, a sa masa kuɗin a kati. Yadda suke ƙara kuɗin zuwa na biyu don su ja mutum bai kwanta min ba, ni sau ɗaya ya ishe ni. Da azumi kuwa ba na zuwa, don sai an ci an sha ruwa sosai.